'Yan Ga-Ruwan Tasha ta Bakwai

A layin da yake zaune yanzu babu wanda ya san sunansa na ainihi. Sifana ake ce masa, tun daga jikokinsa har mai shagon bakin titi, kuma sunan bai zalunce shi ba. Tsoho ne dogo, siriri, ya haura saba'in, kullum da ƙaramar sifana a aljihunsa na dama, har ta huda masa riguna uku. In ya shigo gidanka, kafin ya gama amsa gaisuwa kunnensa ya riga ya kai banɗaki. "Akwai famfon da ke ɗiga a gidan nan," zai ce, ya miƙe ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Matan layin suna sa masa albarka. Mazansu kuwa haushi suke ji, don babu namijin da ke son baƙo ya gyara cikin minti biyu abin da shi ya yi wata uku yana cewa sai gobe.

Hali zanen dutse, kuma inda aka zana nasa ba ɓoyayye ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaron tashar famfo a tsakiyar hamada. Wani kamfani ne ya ja babban bututun ruwa daga rijiyoyi zuwa garin masu haƙar ma'adinai, ya kafa tashoshi goma a kan hanya, kowace da injin da ke tura ruwan gaba. Tasa ita ce ta bakwai. Ɗakin inji, tanki a kan ƙafafun ƙarfe, gida mai ɗaki biyu, shingen waya, sai oba-oba a kan tebur da ake kiran hedikwata da ita safe da yamma. Motar kayan abinci tana zuwa duk mako biyu. Ban da wannan, rairayi ne da tsakuwa iyakar ganinka.

Can ya kai matarsa, can suka haifi 'yarsu ɗaya tak, wadda har yau Tilo ake ce mata ko da yake ta zama malamar asibiti mai 'ya'ya huɗu. Da yarinyar ta isa makaranta aka kai ta makarantar kwana a birni, suka saura su biyu da ƙarar inji. Uwar Tilo gajera ce mai surutu da tsokana, ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Injiniya, alhali ta san takardarsa ba ta kai nan ba. Shi kuma yakan ɓata rai, amma ran da ba ta faɗa ba sai ya tambaye ta ko lafiya.

Abin alfaharinsa a duniya guda ne: a tasharsa ruwa ba ya zuba a banza. Kowace safiya yakan bi bututu da tsumma a hannu, ya taɓa kowane haɗi, ya rubuta a littafin aiki. Wanda ke tsaron Tasha ta Takwas, kilomita ashirin da biyar gabas da shi, wani mai ƙiba ne mai yawan dariya, da duk layin bututun ke kira Yoyo saboda tasharsa kullum caɓal take kamar fadama. Sifana ya tsani wannan sakaci har cikin ransa. Wata rana a taron ma'aikata, a gaban babban sufeto, ya miƙe ya lissafa wuraren da ke zuba a Takwas ɗaya bayan ɗaya har sha ɗaya. Aka hana Yoyo ƙarin girma. Daga ranar ko a oba-oba ba su ƙara gaisawa ba.

To, sai ga abin kunya a gidan mai gyara. Bayan tankin Bakwai, wajen shinge, akwai wani haɗi guda da ya gagare shi. Ya ɗaure shi da yamma tam, da safe ya tarar yana tsiyaya, ruwa ya kwanta a wani ɗan kwari, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, zurfinsa bai kai idon sawu ba. Ya canja roba, ya canja noti, ya canja bututun gaba ɗaya. A banza. Shekara tara yana fama, yana zagin maƙerin da ya ƙera ƙarfen. Uwar Tilo kuwa sai ta ce, "Injiniya, ka bar shi mana. Kai kaɗai ne mai ƙishirwa a dajin nan?"

Saboda wannan ɗan ruwan ne tsuntsayen suka fara zuwa. Kamar awa biyu bayan fitowar rana za ka fara jin su tun ba ka gan su ba, wani kuka mai gurgura daga sama, kwit-kurur, kwit-kurur. Sai su bayyana daga gabas, ashirin, hamsin, wata rana ɗari, su yi kewaye biyu su sauka can nesa da ruwan, su yi shiru. Da zarar sun sauka sun ɓace, don launinsu launin ƙasar ne sak. Sai ɗaya ya motsa za ka gane ba tsakuwa ba ce. Daga nan su tako da 'yan gajerun ƙafafunsu, sumul-sumul, su sha kurɓi kaɗan, su tashi gaba ɗaya fir. Duk abin bai fi minti goma ba. Uwar Tilo takan ajiye wanke-wanke ta zauna a kan juyayyen bokiti a inuwar tanki, ba ta ko tari sai sun tafi.

Ita ce ta lura cewa a lokacin zafi waɗansunsu ba sha kawai suke yi ba. Sukan shiga ruwan har ciki, su buɗe gashin cikinsu, su riƙa rausaya gaba da baya, su daɗe. In sun tashi sai ka ga ruwa na ɗiga daga jikinsu. Shi ya ce wanka ne. Ita ta ce wane irin wanka ne ba a jiƙa baya?

Wata shekara Allah ya raba musu gardama. Ta je neman itace bayan wani tudu, ta dawo da sauri tana ja masa hannun riga. Suka kwanta rub da ciki a kan tsakuwa mai zafi, shi da shekarunsa arba'in da ɗoriya. Tsuntsu guda ya sauka, ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya turo ƙirji. Sai ga 'yan tsaki uku sun fito daga inda da ya rantse babu komai, suka ruga suka cusa baki cikin gashin cikinsa suna tsotsa. Da suka ƙoshi ya goga cikinsa a rairayi, ya ja su suka tafi tsintar iri.

"Ka gani?" ta raɗa masa. "'Yan ga-ruwa ne. Uban ne ma ya kawo."

"Uwar dai," ya ce. "Ina kika taɓa ganin namiji da shayarwa?"

"Mai baƙin zare a ƙirji shi ne namijin. Macen ga ta can, mai ɗigo-ɗigo. Ba kowane namiji ne sai ɗaure famfo ya sani ba, Injiniya."

Wannan gardamar ba ta mutu ba. Duk lokacin da hira ta ƙare musu sai su tono ta. Sunan kuwa ya zauna. A gidan nan ba a ce tsuntsaye, sai dai 'yan ga-ruwa sun zo, 'yan ga-ruwa sun makara.

A shekara ta tara da fara tsiyayar haɗin nan, ana tsakiyar zafi, ciwon ciki ya kwantar da ita. Ta yi ta daurewa har motar abinci ta zo, direba ya dube ta ya ce wannan ba ta kwana nan ba. Sifana ya nemi a turo mai canjinsa, aka ce ya jira, inji ba ya zama babu mutum. Ya tsaya a bakin shinge yana kallon motar har ta zama ɗigo. Da yamma, don hannunsa ya sami abin yi, ya je ya ɗaure haɗin nan kamar kullum.

Da safe ya tarar da shi a bushe. Kai, ranar har murmushi ya yi. Ya shafa ƙarfen sau uku, ya je ya rubuta a littafi da manyan baƙaƙe cewa babu yoyo a Bakwai. Ruwa ba ya tsami banza, amma mutumin nan bai tsaya ya tambayi kansa me ya canja tsakanin jiya da yau ba. Sufeto na tafe a makon, zuciyarsa na wajen matarsa, kuma ya yi shekara tara yana jiran wannan rana.

Tsuntsayen suka zo a kan lokacinsu. Ranar farko akwai sauran laka, suka tsotsa. Rana ta biyu suka tsaya a kan busasshiyar ƙasa suna dube-dube, mazan suna kwantar da ciki a inda ruwan yake da. Ya gan su ta tagar ɗakin inji, ya ce a ransa tsuntsu ai ba ya rasa dabara. Rana ta uku suka yi ta kewaya tanki har rana ta take. A ta huɗu abin ya fara cin ransa, ya ajiye musu ruwa a bahon wanki. Ko kusa da shi ba su je ba, don ba su san baho ba, kuma ba sa amincewa da ruwan da ba za su taka su shiga ba. Rana ta biyar guda bakwai ne suka zo. Ta shida babu ko ɗaya.

A wannan yammacin ne oba-oba ta yi ƙara. Asibitin yana kusa da hedikwata, sai mai kula da oba-oba ya ji tausayi ya bari Tilo ta kawo uwarta a keken marasa lafiya. Muryarta ta zo siririya cikin shuu-shuun iska. Ba ta tambaye shi ko yana cin abinci ba, ba ta ce masa komai game da likita ba.

"Injiniya, suna zuwa?"

Ya riƙe abin maganar, yatsansa a kan maɓalli. "Suna zuwa," ya ce.

"Da yawa?"

"Da yawa."

"To madalla. Yanzu ne suke da ƙanana, ka sani. Kada ka matsa wa haɗin nan."

Yana ajiyewa ya fita da gudu ya kwance notin da hannunsa. Ruwa ya cika kwarin ya malala. Wata guda cur ya bar shi yana zuba, kowace safiya yana zaune a kan bokitinta yana kallon gabas, ko inuwar fiffike bai gani ba. Bayan mako guda ta sake tambayarsa, ya sake yi mata ƙarya. Ba a yi na uku ba. Mai canjinsa ya iso kwana biyu bayan an binne ta.

Da ya koma kwashe kayanta ya buɗe gwangwanin da take ajiye zare da allura. A ƙarƙashin zaren akwai 'yan gashin tsuntsu masu duhu da ta tsinta a bakin ruwan, a naɗe cikin ƙyalle. A ƙarƙashinsu kuma sifana ce, lamba sha bakwai, wadda ya yi shekara tara yana cewa direba ne ya sace masa. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Ashe kullum yana shiga duba inji da sassafe, ita tana zagayawa bayan tanki ta sassauta masa aikinsa da rabin juyi.

Bai ƙara shekara a Bakwai ba ya ajiye aiki. Ya zo birni ya yi gyaran famfo a gidajen mutane har ƙarfinsa ya ja baya, Tilo ta ɗauko shi ta ba shi ɗaki a gidanta. Bai sake aure ba. Kewar matarsa ba ta ragu ba, ta dai koyi zama shiru. Abin da bai koyi shiru ba shi ne maganar nan biyu da ya faɗa mata a oba-oba. Magana ta ƙarshe tsakaninsa da ita ƙarya ce, kuma a ganinsa ya kashe mata 'ya'yan tsuntsayen da ta yi shekara tara tana shayarwa. Yana so ya san ko sun mutu. Ko da amsar za ta zama e, yana so ya ji ta daga bakin wanda ya sani. Amma ta yaya za ka tambayi labarin tsuntsun da ba ka san sunansa ba?

Ya yi nema, ba a ce bai yi ba. Ya je kasuwar tsuntsaye ya fi sau goma. Wani ya nuna masa kurciya, ya ce kan ya yi kama amma nasa ba ya hawa reshe, a ƙasa yake kwana, a ƙasa yake ƙwai. Wani ya ɗauko fakara, ya ce wannan doguwar ƙafar fa? Nasa ƙafarsa gajera ce, da gashi a gabanta kamar ya sa safa. Aka kawo salwa, ya ce salwa ba ta da dogon fiffike mai tsini, ba ta da wutsiya mai kamar allura biyu. Duk suna sauraronsa da ladabi har ya kai wurin ɗaukar ruwa a ciki. Nan ne ake fara kallon juna. Wani mai bakin tsiya ya ce, "Baba, da jarka yake zuwa ko da tulu?" Daga nan ya daina ba da labarin a waje. A gida ma jikokin sun haddace shi, in ya fara sai su sulale ɗaya bayan ɗaya.

Bara ya yi jinya mai tsanani, har aka fara kiran dangi. Da ya farfaɗo, Tilo na gyara masa matashi wata safiya, ya kama hannunta.

"Na yi wa uwarki ƙarya, kina tsaye a bayanta," ya ce. Ya faɗa mata komai, har da sifanar cikin gwangwani, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Tilo ta zauna a bakin gadon. Ita ce ta tura keken ranar, tana 'yar shekara goma sha biyar, ta kuma tuna yadda uwar ta yi murmushi duk hanyar komawa ɗaki. "Baba, ai ƙaryar ta yi mata daɗi," ta ce.

"Ita ta yi wa daɗi. Ni ban ga daɗinta ba."

Bayan sati uku ta ce ya shirya. Akwai wata malamar jami'a da ta taɓa yi wa jinyar ƙafa, aikinta ke nan, tsuntsaye. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki gwangwanin zaren.

Ɗakin malamar yana ƙasan bene, babu taga, sai warin kafur da dogayen kabad na ƙarfe masu aljihuna barkatai. Malama mace ce mai furfura da tabarau a kan hanci, ba ta da yawan gaisuwa. Ta ba shi kujera ta ce, "Baba, kada ka gaya mini abin da yake yi tukuna. Gaya mini yadda yake." Ta riƙa jefo tambaya kamar mai binciken ɓarawo. Girmansa? Kamar tantabara, amma bai kai ta ƙiba ba. Bakinsa? Gajere. Ƙarfe nawa yake zuwa ruwa, da safe ko bayan faɗuwar rana? Cikinsa fari ne ko duhu? Duhu, kamar ƙonanniyar ƙasa. Zare nawa a ƙirji? Ɗaya, siriri. Ƙwai fa? Uku, a ɗan rami a fili ba ko ciyawa, dogaye, kai da gindi duk ɗaya. Ta ce ya yi kukan. Tsohon nan ya dubi 'yarsa, ya gyara murya, ya yi kwit-kurur a gaban mata biyu. Babu wadda ta yi dariya.

Malama ta tashi ta ja wani aljihu. Ga su nan a jere a kan farar takarda, busassu, an cusa musu auduga, kowanne da 'yar takarda a ƙafa. Shekara talatin rabonsa da su. Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Ta karanta masa sunan da ke littafi, wani dogon suna na masana da ya kasa zama a bakinsa. Ya ce ta bar shi, a gidansu 'yan ga-ruwa ake ce musu. Ta cire tabarau ta dube shi. "Wa ya sa musu wannan sunan?"

"Mai ɗakina. Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya jiƙanta. Ta fi mai littafin iya suna."

Ya buɗe ƙyallen ya nuna mata gashin. Ta ɗauki ɗaya ta ɗora a faranti, ta ɗiga masa ruwa daga kofin shayinta. Gashin ya buɗe ya shanye ɗigon nan ƙaf. Ta ce ya matsa da yatsa. Ya matsa, ruwan ya fito ya jiƙa masa babban yatsa. Ta yi masa bayani cewa gashin cikin yana da wasu 'yan zaruruwa a murɗe, in sun taɓa ruwa sai su warware su riƙe shi. Tsuntsu ɗaya yakan ɗauki kamar cokali biyu. Busasshen iri kawai suke ci, shi ya sa dole su sha kullum. Ƙananan suna fita daga ƙwai da ƙafarsu, suna tsintar abinci da kansu, amma ba sa iya tashi sai sun yi kamar wata guda, kuma duk tsawon lokacin uban ne ke kawo musu ruwa.

"Uban?" ya ce.

"Uban. Mai zaren."

Tilo ta juya fuska tana danne dariya da hawaye tare. Shi kuwa ya girgiza kai. "Uwar Tilo ta ci gardama," ya ce. Sai ya yi tambayar da ta kawo shi: in ruwan ya ƙafe suna da ƙanana fa?

Malama ba mai lallashi ba ce. Ta ce in babu wani ruwan, ƙananan ba sa wuce kwana biyu ko uku a wannan zafin. Manyan kuwa suna da riƙo, inda suka saba nan suke zuwa, sai ya ƙafe sannan su nemi wani. "Amma kada ka ɗauka a bayan tankinka suke kwana. Wanda kuka gani kusa dace ne kawai. Waɗannan sukan yi kilomita talatin, har fiye, su sha su koma, kowace safiya. Akwai wani ruwa a fili a iyakar wannan nisan?"

Sifana ya buɗe baki zai ce babu, hamada ce. Sai bakin ya tsaya a buɗe. Daga gabas suke zuwa. A gabas kuwa, kilomita ashirin da biyar, akwai wuri sha ɗaya da ke zuba dare da rana, shi da kansa ya ƙirga su a gaban sufeto.

Neman Yoyo ya ci wa Tilo wata guda. A wajen tsohon direban motar abinci ta sami labarin yana raye, a gidan ɗansa, can ƙarshen birni bayan tashar jirgin ƙasa. Suka je da hantsi. Suka same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, ƙibar ta zube, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, amma idon nan na dariya yana nan. A gefensa famfo na ɗiga cikin wani tsohon kwano, ɗis, ɗis.

Yoyo ya ƙura masa ido. "Bakwai? Ka zo ƙirga mini ne?"

"Na zo neman gafara, Takwas. Da tambaya ɗaya."

"Gafara ka samu tun tuni, riƙo wahala ne, ni kuwa ka san ni da ƙiwuya. Yi tambayarka."

Sifana ya zauna a bakin dakali. Ya tambaye shi ko ya tuna shekarar da uwar Tilo ta rasu, lokacin zafi, ko ya ga wasu tsuntsaye masu launin ƙasa.

"Masu gurgurar nan? Yo ni da suka hana sakat." Yoyo ya gyara zama da hannunsa mai lafiya. "Da ina da 'yan kaɗan, goma, sha biyar. Rannan da safe sai ga su kamar an juye buhu, sun rufe mini bayan tanki. Na ce ikon Allah, daga ina? Har na so in kira ka a oba-oba in tambaya, sai na tuna ba ma magana."

"Mazan suna jiƙa ciki?"

"Ni ina na san mazansu da matansu? Suna dai zama a ruwan kamar masu basir."

"Ƙanana fa?" Muryar Sifana ta sauka har sai da Yoyo ya karkato kunne. "Ka ga ƙanana daga baya?"

"Bayan kamar wata ɗaya da rabi, e. Wasu 'yan firit masu guntun wutsiya, ba su iya sauka ba, sai su faɗo kamar an jefo su. Da yawa kuwa. Har na bar aiki suna zuwa, wanda ya gaje ni ma rago ne irina."

Sifana ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa. Tilo ta dafa kafaɗarsa. Yoyo ya dube su, ya dubi ƙasa, bai fahimci komai ba. Can ya ce, don ya kawar da nauyin, "Tunda Allah ya kawo ka, ɗan taɓa mini famfon nan mana. Surukata ta ishe ni da mita."

Hannun Sifana ya tafi aljihu da kansa. Ya dubi kwanon. Wasu 'yan gwarare biyu suna bakinsa suna sha. Ya zare hannun.

"Bar shi," ya ce.

A mota Tilo ba ta kunna rediyo ba. Sun wuce tashar jirgi, sun hau babban titi, gwangwanin zaren na kan cinyarsa. Sai ta ji ya yi gyaran murya. Ya dunƙule hannu ya kai bakinsa, babban yatsa a sama kamar mai danna maɓalli, yana kallon gabas ta taga.

"Bakwai ke magana," ya ce a hankali. "Suna zuwa. Da yawa."

Ya ɗaga yatsan, ya jira kamar yadda ake jira a ba ka amsa. Tilo ta rage gudu ta koma gefen hanya, don ba ta ganin titin sosai.